Kyamarar farko: sabuwa maras madubi ko tsohuwar DSLR ta hannu?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina ɗaukar hoto da waya, yanzu ina so in sayi kyamara ta gaske in koya. Yawancin abin da nake ɗauka yarana ne, sai 'yan tafiye-tafiye, wani lokaci kuma ɗan bidiyo. Abin da ke damuna shi ne, in dare ya yi muna cikin ɗaki, hotunan yaran sai su fito dishi-dishi, musamman in suna motsi. Na ga guda biyu: Nikon D3500 ta hannu, da Canon EOS R50 sabuwa, wadda in na saya kuɗin da na tara za su ƙare ƙaf. Wani abokina kuma ya ce in haƙura da su duka, tunda wayata megafiksel 50 gare ta, su kuwa 24 ne kacal. Wacce zan ɗauka? Ko dai abokin nawa ne ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya mana yaran. Na ji daɗin yadda ka faɗi damuwarka ƙarara, domin yawancin masu yi mini wannan tambaya sunan kyamara kawai suke kawowa, sai na yi ta tono kafin in gano abin da suke son ɗauka. Kai kuwa ka rage mini aiki: yara masu motsi, cikin ɗaki, da dare, ga kuɗi ƙayyadaddu. A kan wannan zan ɗora amsata. Tun daga nan kuma ina gaya maka, abin da zai raba maka gardama shi ne lensi, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, fiye da jikin kyamarar kanta.

Maganar abokinka

A lissafi abokinka bai yi ƙarya ba, 50 ta fi 24. Sai dai megafiksel ƙidaya ce kawai ta yawan ɗigon da ke cikin hoto, ba ta gaya maka kyan kowane ɗigo. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. In za a buga hoto a takarda girman A4, a kan ɗigo 300 kowane inci kamar yadda madaba'a ke so, abin da ake bukata bai kai megafiksel 9 ba. Talabijin mai 4K ma megafiksel 8.3 yake nunawa. To ka ga 24 ta isa, har da rarar da za ka yanke gefen hoto ba tare da ya lalace ba.

Abin da ya kamata a auna shi ne girman sensa, ɗan farantin nan da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kai ya zama hoto. Ka ajiye kofi da baho a waje ana yayyafi, cikin minti ɗaya bahon zai tara ruwan da kofin ba zai tara ba. Haka sensa take da haske. Kyamarorin nan biyu duk suna da sensa irin wadda ake kira APS-C: ta Nikon wajen milimita 23.5 da 15.6, ta Canon 22.3 da 14.9. Ta yawancin wayoyi ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan fili ba. Kuma wayoyi masu megafiksel 50 galibi suna haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton da ke fitowa a ƙarshe 12.5 ne.

Yadda waya ke rufe wannan giɓi da dare shi ne ta ɗauki hotuna da yawa a jere, ta narkar da su su zama guda. Dabara ce mai kyau ƙwarai, in abin da ake ɗauka gini ne ko mutumin da ya tsaya cak. Yaro kuwa kafin ta gama tattara hotunan nata ya juya kai, ya ɗaga hannu, ya yi gaba. Daga nan dishi-dishin da kake gani yake fitowa.

Lissafin haske a cikin ɗaki

Nan zan ɗan daɗe, domin in ka gane wannan, ba mai sayar da kyamarar da zai sake ruɗa ka.

Abu uku ke yanke hukuncin yadda hoto zai fito. Akwai shota, ƙyauren da ke buɗewa ya bar haske ya shiga sannan ya rufe. In ya daɗe a buɗe, duk motsin da aka yi a lokacin zai bayyana a hoto kamar an ja yatsa a kan ɗanyen fenti. Mutum a zaune, 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi. Yaro mai kai da komo yana bukatar 1/250, in yana gudu ko tsalle sai 1/500. Akwai ƙofar hasken da ke cikin lensi, wadda ake rubuta girmanta da harafin f, kuma lambar tana tafiya a juye: f/1.8 ƙofa ce wangame, f/5.6 ta tsuke, f/11 ta ƙara tsukewa. Sai kuma ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi. In ka ɗaga shi hoto zai yi haske, amma yana zuwa da tsaki-tsaki, launi kuma ya dusashe.

Yanzu duba lensin da ake haɗo kyamarorin da shi a kwali. Na D3500 shi ne 18-55mm (lambar mm tsawon lensi ce: ƙarama tana ɗaukar fili mai faɗi, babba tana jawo abu kusa), wanda ƙofarsa ke tsukewa zuwa f/5.6 in ka jawo abu kusa. Na R50 shi ne 18-45mm, wanda ke kaiwa f/6.3. Da rana tsaka waɗannan ba su da laifi ko kaɗan, kuma ina son mai koyo ya riƙe su domin tafiye-tafiye. Amma a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, in ka sa shota a 1/250 don ka tsayar da yaro, dole kyamara ta cilla ISO can sama. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6, kuma ninki 12 na f/6.3. Ma'ana, hoton da zai ci ISO 12800 da lensin kwalin R50, da lensi mai f/1.8 wajen ISO 1000 zai ci. Na farko fuskar yaro za ta fito kamar an watsa mata yashi, na biyu kuwa har gashin girarsa za ka ƙirga.

Shi ya sa nake cewa wanda ya zuba duk kuɗinsa a sabuwar kyamara ya tsaya a lensin kwali, zai koma ɗaki da dare ya tarar da rabin matsalarsa tana nan tana jiransa. Na sha ganin wannan wajen waɗanda nake koya wa ɗaukar hoto: mutum ya zo ransa a ɓace, yana cewa an sayar masa da jabu, alhali kyamarar ƙalau take, hasken ne bai ishe ta ba.

Kada kuma a ruɗe ka da maganar hana girgiza, wadda Nikon ke rubutawa VR, Canon kuma IS. Tana maganin rawar hannunka ne, ba ta tsayar da yaro.

Sai dai buɗe ƙofa wangame yana da nasa sharaɗin. A f/1.8 wurin da ke fitowa tas siriri ne. In kana kusa, ido zai iya fitowa sarai, kunne ya yi hazo. Wannan ne ke sa bayan mutum ya narke, hoton ya yi kyau irin na ƙwararru, amma kuma shi ne ke sa ƙaramin kuskuren fokas, wato saita wurin da zai fito tas, ya ɓata hoto gaba ɗaya. A nan ne bambancin kyamarorin naka biyu ya fara fitowa.

Mai madubi da maras madubi

D3500 DSLR ce. A cikinta akwai madubi a karkace, wanda ke tura hasken da ya shigo ta lensi zuwa tagar da kake leƙawa. In ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya sauka a sensa, madubin ya dawo; ƙarar da kake ji ke nan. Abin da idonka ke gani duniya ce kai tsaye, ba ka san yadda hoton zai fito ba sai ka ɗauka ka duba. R50 ba ta da madubin nan. Sensa ce ke kallo koyaushe, tana nuna maka hoton a ƙaramin allo cikin tagar leƙawa, da haskensa da duhunsa, tun kafin ka danna. Ga mai koyo wannan babbar gata ce: kana juya maɓalli kana ganin abin da ya canza nan take.

Ta fuskar fokas, D3500 maki 11 gare ta, sun taru wajen tsakiya, kuma kai ne za ka ɗora maki a kan idon yaro da hannunka. Ana iyawa, mun yi shekaru muna yi da irinta, amma sai da juriya, kuma hotuna da yawa za su tafi a banza kafin hannu ya faɗa. R50 kuwa da kanta take gano fuska, ta kama ido, ta bi shi duk inda ya yi a cikin hoton. Ga abin da kake son ɗauka, wannan shi ne babban abin da ta fi D3500 da shi.

A bidiyo ma tazarar a fili take. R50 tana ɗaukar 4K, allonta yana juyawa ya kalle ka, ana taɓa shi da yatsa, tana da ramin makirfo. D3500 ta tsaya a 1080, allonta a kafe yake, kuma ba ta da ramin makirfo sam. Inda D3500 ta yi zarra shi ne batir. A ma'aunin da kamfanoni ke amfani da shi, caji ɗaya yana ba ta hoto 1,550, ita kuwa R50 wajen 300 zuwa 400 ne, don haka batir na biyu wajibi ne a kanta. Nauyi kusan ɗaya ne, gram 415 da gram 375.

Sai maganar gaba. Kyamara maras madubi ta fara fitowa kasuwa a 2008 da Lumix G1 ta Panasonic, Sony ta shigo a 2010, a 2018 kuma Canon da Nikon suka fito da sabon bakin ɗaura lensi, RF da Z, suka karkata can gaba ɗaya. D3500 kanta a 2018 ta fito, kuma an daina ƙera ta. Wannan yana da fuska biyu. Ba za a ƙara yi mata sabbin lensi ba, amma kuma mutane suna ta sauke tsofaffin nasu, kasuwar na hannu ta cika, ga araha. Bakin F na Nikon tun 1959 ake amfani da shi, abin da aka ƙera masa ba ya ƙirguwa. Hattara ɗaya: D3500 ba ta da injin juya fokas a jikinta, saboda haka lensi masu alamar AF-S ko AF-P ne za su yi mata fokas da kansu, tsofaffin AF-D sai ka juya da hannu. In wata rana ka koma Nikon maras madubi, akwai adafta mai suna FTZ da za ta karɓi lensin AF-S da AF-P ɗinka.

Tunda muna wannan magana, in ka ci karo da Canon mai suna EOS M, irin su M50, ka sani cewa bakinta daban ne, an rufe wannan layi, kuma lensinta ba sa hawa kan R50 ko wata kyamarar RF. Tana ɗaukar hoto mai kyau, amma kada a sayar maka da ita a matsayin hanya mai ɓullewa.

Da ni ne kai

Da ni ne, zan ɗauki takarda in raba kuɗin nan kafin in kalli kowace kyamara: jiki, lensi mai f/1.8, batir na biyu, katin memori, jaka. Kyamarar da ta bar wa sauran wuri, ita ce tawa.

Da wannan ma'auni, R50 da lensin kwali kaɗai, aljihu wayam, ba na ba ka shawararta, sai in ka tabbata nan da 'yan watanni za ka iya ƙara lensi. In ka tabbata, ɗauke ta, za ka daɗe kana mora, kuma ita ta fi dacewa da yara da bidiyo. Amma ka lura da tsawon lensin da za ka ƙara. Mafi araha a wajen Canon shi ne 50mm f/1.8, sai dai a kan wannan sensa ana ninka lambar da 1.6, ya koma kamar 80mm. Yana da kyau wajen ɗaukar fuska, amma a ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har bayanka ya taɓa bango yaran ba su shiga duka ba. Abin da ke tsakanin 23mm da 35mm ya fi dacewa da ɗaki. Daga 2024 Sigma da Tamron sun fara yi wa ƙananan kyamarorin RF lensi, zaɓi ya ƙaru. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mazaunin filasha na saman R50 sabon salo ne, tsofaffin filasha da yawa ba sa aiki a kai sai da adafta.

In kuwa ba ka ga alamar ƙarin kuɗi nan kusa ba, D3500 da lensin Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G za su ba ka hoton dare wanda ya fi na R50 da lensin kwali, ba ko tantama. Wannan ɗan lensi, wanda ya fito a 2009, yana gani kusan yadda idon mutum ke gani, mara nauyi ne, kuma ban san adadin masu koyon da na ga hotonsu ya canza a rana ɗaya saboda shi ba. Abin da za ka sadaukar shi ne bidiyo mai sauti mai kyau da kuma sauƙin fokas.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ka ambata ba, kuma ita zan fara nema: maras madubi ta hannu. Sony a6100 da a6400, duk na 2019, suna bin ido sosai, suna da 4K da ramin makirfo, kuma bakin E na Sony yana da lensi masu araha daga kamfanoni da yawa. Nikon Z50 ma ta 2019 ce, riƙonta yana cika hannu. In ɗaya daga cikinsu ta faɗo a farashin da zai bar maka kuɗin lensi, ka haɗa alheri biyu. Ka dai kula da waɗanda aka yi don masu bidiyo, irin su Sony ZV-E10 da Nikon Z30: ba su da tagar leƙawa, a cikin rana mai ƙarfi allon baya da ƙyar ake ganinsa.

Kowacce ka nufa, ka riƙe ta a hannu kafin ka biya. Gani ya kori ji. R50 ƙarama ce ƙwarai, mai manyan yatsu zai ji ƙaramin yatsansa yana reto a ƙasa ba wurin zama. Wani kuma ƙanƙantar ce za ta sa ya riƙa fita da ita kullum. Wannan ba wanda zai auna maka.

Ka sani kuma shawarar nan ta hoton mutane ce, wanda shi ne aikina. Da tsuntsaye ko wasan ƙwallo ka ce kana so, da lissafin ya canza, domin can dogon lensi ne ke cinye kuɗin. Sannan D3500 ɗin da ka gani, ni ban riƙe ta ba, kai ne za ka zama idona.

In za ka sayi ta hannu

Tafi da katin memori naka. Cire lensi, ka haska cikinsa da fitilar waya ta gaba da ta baya. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lensi yana da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo ko farin zare a jikin gilashi, alamar an ajiye shi a wuri mai danshi. In ka gan ta, bar shi, domin tana yaɗuwa kuma tana cin rufin gilashin.

Mayar da lensin, ka tsuke ƙofa zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton da girma. Ɗigon baƙi-baƙi ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Dogon layi kuwa yana iya zama ƙarzuwa, wannan ba ta gyaruwa da sauƙi. Sannan ka binciki yawan hoton da ta taɓa ɗauka. Nikon tana rubuta wannan lamba a cikin bayanan kowane hoto, akwai manhajoji kyauta da ke karanto ta. Shotar ƙananan DSLR an gina ta ne ta yi wajen bugu 100,000, don haka wadda ta yi 15,000 ko 20,000 da sauranta sosai.

Danna kowane maɓalli, juya kowace ƙafa, buɗe murfin batir ka duba ko akwai tsatsa ko koren danshi. In ka leƙa taga ka ga komai hazo-hazo, kada ka yi saurin cewa ta lalace. A gefen tagar akwai wata 'yar ƙafa ƙarama da ake saita ta daidai da ƙarfin idon mai kyamara, wataƙila mai ita na da yana sa tabarau. Juya ta a hankali har rubutun da ke cikin tagar ya fito sarai.

Katin memori kuwa saye shi sabo, daga wurin da ka amince da shi, domin jabu sun yi yawa, kuma araha ba ta ado ranar da kati ya haɗiye hotunan shekara guda. In za ka ɗauki 4K, nemi mai alamar V30.

Makonnin farko

Ka shirya wa wannan: hotunanka na farko wataƙila za su kasa na wayarka kyau. Waya tana ƙara launi, ta haskaka inuwa, ta gyara fuska, duk kafin ka gani. Kyamara tana ba ka abin da ka umarce ta ne kawai. Kada wannan ya karya maka gwiwa, kuma kada ka fara da saitin M, inda kai ke saita komai da hannunka, don wani ya ce shi ne na ƙwararru.

Ga inda nake sa masu koyo su fara in za su ɗauki yara a ɗaki. Juya ƙafar saman kyamara zuwa A a Nikon da Sony, ko Av a Canon, saitin da kai ke zaɓar ƙofa, kyamara ta zaɓi shota. Sa ƙofa a f/2 ko f/2.2, ka bar ISO ya zaɓi kansa amma ka yi masa iyaka a 6400. Riƙa kallon lambar shota a ƙasan taga. In ta sauka ƙasa da 1/250, koma S ko Tv, saitin da kai ke zaɓar shota, ka kafe ta a can. Sa fokas a mai bin motsi, AF-C a Nikon da Sony, Servo a Canon, ka kunna ɗauka a jere yadda dannawa ɗaya za ta ba ka hoto uku ko huɗu ka zaɓi mai kyau. Sannan ka durƙusa, kyamara ta yi daidai da idon yaron, ka zagaya har fitilar ɗakin ta koma gefenka ko bayanka, haskenta yana sauka a fuskarsa.